Shekarar da Dodon Koɗina Ya Toshe Ƙofa

A Mungadi na girma, a gidan manoman albasa, inda hatta zanen rufarmu warin albasa yake yi. Idan sanyi ya shigo, Kaka ba ta barin wutar tuwo ta mutu a banza. Da an sauke tukunya an yi sallar magariba, sai ta jawo tabarmarta gindin murhu, ta tura karan dawa cikin garwashi, mu kuma mu kewaye ta da kwanoninmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kirana Hadiza ba, sai dai Takwara. Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini a hanya. Ɗaya ce ta zauna daram, ita ma don a kan kukana aka yi ta.

Lokacin ina firamare ina da wata ƙawa, Titi, 'yar malamarmu. Mutanen kudu ne, Kiristoci, aiki ya kawo su. A bayan ɗakinsu akwai akwatin katako da mahaifiyarta take kiwon dodon koɗi a ciki. Mu ƙananan dodon koɗi muka sani, irin na fadama waɗanda yara maza ke murza ƙoƙonsu a ƙasa yana juyawa. Nasu kuwa kowanne ya kai dunƙulen hannun babban mutum. Ranar da na fara gani sai da na ja da baya. Daga baya na saba, har ina ɗora shi a tafin hannuna ina kallon ƙahonninsa suna miƙewa a hankali. Da aka mayar da malamar Jega, Titi ta zo mini sallama da guda biyu a cikin kwano.

"Ba na ci ba ne, Hadiza, nawa ne na kaina," in ji ta. "Kada ki bari rana ta same su. Kuma gishiri, ko ƙwaya ɗaya, kashe su zai yi."

Kaka ce ta ba ni tsohuwar randa mai tsagaggen gindi. Na ɗebo ƙasa mai laima daga lambu na zuba, na shimfiɗa busasshen ganye a kai, na rufe bakin da yankin gidan sauro na ɗaure da igiya don iska ta shiga, kaji kuma su sha haushi. A gindin mangwaro na ajiye ta, na zagaye da toka saboda tururuwa. Kullum da yamma sai in yayyafa ruwa, in sa musu ganyen gwanda ko salak, wata rana ɓawon kankana ko yankin kabewa. Ɓawon ƙwai kuwa daka shi nake yi lukui in barbaɗa, don Titi ta ce shi ke ƙarfafa musu ƙoƙo. Babana yakan yi dariya ya ce gida cike da albasa amma baƙina ba sa ci. Kaka dai sharaɗinta ɗaya: in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa kwano.

A ƙarshen damanar shekarar zazzaɓi ya ɗauke ƙanena Usman, yana goye bai fara rarrafe ba. Aka yi zaman makoki aka watse, amma Innarmu ba ta dawo yadda take ba. Tana cikin ɗakinta, sai alwala ke fito da ita. Ni kuwa ban san yadda ake barin mutum ba. In shiga in ja mata zane, in ce ta yi mini kitso, in ce ta kalle ni, in ta yi shiru in fashe da kuka. Sai ta juya fuskarta bango.

Ana cikin haka iska ta bushe. Wata yamma na buɗe randa na tarar da ganyen jiya ba a taɓa shi ba. Na tona ƙasa na ciro su. Duk biyun sun shige ciki, bakin ƙoƙon ya toshe da wani farin abu mai tauri kamar ɓawon ƙwai. Yayana Bello ya leƙo ya ce sun mutu, in ba shi ƙoƙon, da wuƙa zai ƙwaƙule su ya sami koɗin da ba wanda ke da irinsa a Mungadi. Na rungume su a ƙirji ina ihu, ya biyo ni har gindin murhu.

Kaka ta karɓi ɗaya, ta auna nauyinsa a hannu, ta kai hanci ta shinshina.

"Bello, aje wuƙag ga. Takwara, mi kika ma kuka? Zamna. Ku matso, ga wata tatsuniya ta iso tana biɗar kunnuwa."

Ita ba ta cewa dodon koɗi, katantanwa take cewa. Ta ce wata shekara an yi fari, dabbobi suka kama hanyar gulbi. Katantanwa ta biyo su da 'ya'yanta, amma tafiyarta ba ta sauri, rairayi kuma ya yi zafi. Kafin ta kai inuwar wata tsamiya, 'ya'yan duk sun ƙare. Sai ta shige ɗakinta, ta liƙe ƙofa da yawunta.

Maƙwabta suka zo. Zomo ya yi ta ƙwanƙwasa yana cewa ta fito ta ga duniya, ai ba a kanta aka fara ba. Kurciya ta sauka a kan rufin tana ta wa'azi tun safe har rana ta faɗi. Kura ta zagaya ɗakin ta ce mai shi ta mutu, a fasa a raba. Da suka gaji kowa ya kama gabansa.

"Sai wani tsohon kwaɗo," in ji Kaka, ta sassauta murya. "Shi bai iya magana mai daɗi ba. Kullum marece shi cika bakinai da ruwa, shi taho tsalle-tsalle, shi zuba gehen ƙohwa. Ba bisa ƙohwa ba, gehe. Shi aje ɗanyen ganye. Shi ce, na zo, na tahi. Shi ke nan."

Washegari ya dawo ya tarar ganyen ya bushe, ya ɗauke ya sa wani. Tururuwa suna yi masa dariya, wai yana ciyar da kango. Bello ya katse Kaka ya ce to shi kwaɗon ya san tana da rai ne?

"Bai sani ba, ɗan nan. Wa zai gaya mishi?"

Haka har hadarin farko ya haɗu. Ruwa ya sauka, ƙofa ta yi laushi, Katantanwa ta turo ƙaho ɗaya, sannan ɗayan. Ta ce da kwaɗo duk wanda ya zo ta ji shi. Masu bugu, in sun buga sai ta ƙara shigewa ciki. Amma shi, tun tana jin haushin tsallensa har ta koma sauraron lokacin zuwansa. Kwaɗo ya tura mata ganye.

"Ta ƙare nan, kowa shi ɗauki rabonai," in ji Kaka. Ta miƙo mini dodon koɗina. "Ki maishe su cikin ƙasa. Ki riƙa jiƙa gehe. Kada ki ɓanɓare musu baki, kada ki tone su kullum kina dubi." Ta gyara wuta, sannan ta ce, "Ga kunun innarki can ya huce. Kai mata."

Na ɗauki kwanon. A bakin ƙofa na tsaya, ƙafata tana son shiga. Na durƙusa na ajiye shi daga ciki kusa da labule, na ce, "Inna, ga kunu." Na juyo. Ban taɓa yin abu mai wuya kamar wannan juyowar ba.

Haka na ci gaba, randa da yamma, ƙofar Inna da safe da dare. Wata rana kwanon ya dawo yadda na kai shi, wata rana an sha rabi. Sanyi ya wuce, zafi ya zo, aka kwashe albasa aka kai kasuwar Aliero. Bello ya daina maganar wuƙa, har yakan tsinko mini ganyen gwanda in reshen ya fi ƙarfina.

Bayan ruwan farko da kwana kaɗan na buɗe randa na ga ganyen ya huje. Ɗaya ya fito, ya rame, yana ci. In ka kasa kunne har ƙarar cinsa kana ji, ƙaras-ƙaras. Ina tsugune sai na ji inuwa a kaina. Inna ce, ta fito da buta, ta tsaya tana leƙe.

"Ashe haƙora gare shi?" ta ce.

Maganar farko ke nan da ta yi mini wadda ba amsa ba ce. Ta tsuguna kusa da ni muka yi ta kallonsa, sannan ta shafa kaina ta ce wannan kitson ya tsufa.

Ɗayan bai farka ba. Da na ɗaga shi ba nauyi, ciki ya bushe. Na kai wa Kaka ina cewa ai ruwa ɗaya na ba su, ganye ɗaya. Ta ce, "Awo, Takwara. Naki ki kai ruwa. Buɗewa ba taki ba ce." Ni da Bello muka binne shi a gindin mangwaro, da ƙoƙonsa.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana cewa in ka jure za a buɗe maka. Sai da na girma na lura kwaɗon bai da wannan tabbacin, ni ma ban da shi, ɗaya daga cikin biyu na samu. Sauran abin da ke cikinta kuwa sai da na shiga ɗakin Katantanwa da kaina na gane shi. Shekarun baya mijina ya rasu a Sabon Garin Jega, inda muke zaune. Masu zuwa ba ni haƙuri sun yi yawa, Allah ya saka musu, amma kowace kalma sai in ji kamar ana neman in tashi in nuna na warke. Akwai wata maƙwabciyata, Maman Ladi, ma'aikaciyar asibiti, wadda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba ta taɓa zama ba. In ta taso aiki sai in ji ƙarar kwano a bakin ƙofa, sai takun takalminta yana komawa. Ban san ranar da na fara sauraron takun nan ba.

Wata safiya na ga kwanoninta sun taru a bayan ƙofa. Na ɗebo ruwa na wanke su tas, na yafa mayafi, na tsallaka titi. Ta buɗe, ta dubi kwanonin, ta dube ni, ta matsa gefe ta ce, "Shigo, yanzu na ɗora shayi."