Benen da Baban Gareji Ya Gina wa Inna

Ni nake haya a benen da ke kan garejin, ta haka na san labarin. Ba a zama ɗaya na ji shi ba. Wani ɓangaren daga bakin mai gidan na ji, idan na taso daga aiki da la'asar na same shi a kan bencinsa. Sauran kuma maginin da ya yi aikin ne ya cike mini, da matan layin.

Baban Gareji kowa yake ce masa. Bakanike ne tun yana saurayi, kuma har yau idan ya miƙo maka hannu za ka ga baƙin mai a tsagar fatarsa, wanda sabulu ya gaji ya ƙyale. Ba mai yawan magana ba ne. Idan ka kawo masa matsala, ko ta mota ko ta duniya, sai ya yi shiru ya karkata kai kamar mai sauraron ƙarar inji, can sai ya ce akwai dabara. A wurinsa babu abin da ba ya gyaruwa in an samu kayan aikin da suka dace.

Filin gidan siriri ne, irin na cikin gari, ya miƙe ta baya kamar lungu. Garejin ya cinye fuskar titi gaba ɗaya, in ban da 'yar ƙofar shiga ta gefe. Ɗakunan kwana suna can ciki, tagoginsu na kallon katangar maƙwabta. Nan aka kawo matarsa, wadda yara da manya suke kira Inna. Ita kuwa a bakin hanya ta tashi, mahaifiyarta na da shago, ta saba da ganin mutane suna kai da kawowa. Takan ce masa cikin raha mota ce ta samu ɗakin da ya fi kowanne a gidan, ita kuma an ajiye ta a but, wurin kaya. Da kunne ta san layin. Ta san ƙararrawar mai burodi da muryarsa shekara da shekaru ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Ya yi mata alkawari tun yaransu suna rarrafe: zai gina mata ɗaki da falo a kan garejin, da babbar taga mai kallon titi. Da ya tashi zuba wa garejin rufin kankare sai ya bar rodi a tsaye ta kowace kusurwa, ya kifa musu tsofaffin kwalabe don kada ruwa ya ci su. Haka suka zauna. Yara suka shiga makaranta, suka fita, aka yi ta hidimar aure da ta asibiti, rodi na nan suna nuna sama. Yaran gidan suka sa musu suna "alkawarin Baba". Idan baƙo ya tambayi kwatance sai a ce masa ya nemi gida mai kwalabe a ka.

Sai da autarsu ta tare a ɗakinta sannan ya fara aikin, gashin kansa ya riga ya yi fari. Kuma yadda yake haɗa mota haka ya haɗa benen. Taga ya samo ta a wani ofis da aka rushe, ƙofa a wurin wani kafinta da mai ita ya fasa karɓa, tayil kuwa ragowar aikin mutane ne, shi ya sa har yanzu ƙasan falona launi uku ne. Maginin sa'arsa ne, tare suka taso, ba sa rabuwa da tsokanar juna. Kullum sai ya tambaye shi ko gida suke ginawa ko kuwa tsohuwar akori-kura suke tayarwa. Injiniya ya zo ya duba harsashi, ya ce sai an ƙara ginshiƙai, aka ƙara. Ofishin da ke ba da izinin gini suka ce kada a matsa ko taku ɗaya zuwa katangar maƙwabci, aka bi. Duk tsawon aikin da tsani ake hawa, domin matakala ita aka bari ƙarshe.

A kan matakalar ne suka saɓa. Maginin ya ce a yanki gefe ɗaya na garejin a kwantar da ita a hankali, a yi mata wurin hutawa a tsakiya. Amma yin haka na nufin a cike ramin da Baba yake shiga ƙarƙashin motoci, kuma tsohuwar motarsa ba za ta ƙara samun wuri ba. Motar nan ita ce ta farko da ya tayar da hannunsa daga gawa. Ba ta zuwa ko'ina, amma kowace safiya sai ya kunna ta ta yi ɗumi. Ya ce ba za a taɓa garejin ba. A bi ta 'yar tazarar da ke tsakanin bango da hanyar shiga gida. Wurin bai isa a karkata ba, don haka matakalar ta tashi a miƙe, tsaye kamar ta jirgin ruwa.

Da ta bushe, ya hau ya sauko a gaban maginin, ya sake hawa ya sauko, ya buɗe hannuwa yana murmushi.

Maginin ya ce, "Ƙafarka ka auna, ba tata ba."

Baba ya yi dariya ya ce Inna ai ta fi su biyun ƙarfi, matar da take ɗaukar bokiti biyu a tare. Gaskiya ya faɗa, amma ta shekarun baya. Tun da sassafe yake shigewa gareji, sai magariba yake fitowa. Bai lura ta daɗe da komawa salla a zaune ba. Ita kuma takan jira ya juya baya kafin ta dafa bango ta tashi daga kujera, don kada ta sanyaya masa gwiwa a kan aikin da ya jira tsawon rayuwarsa.

Ranar da aka gama fenti Inna ta ɗaura zaninta mai kyau, ta fesa turare, ta zo gindin matakala. Ta hau kaɗan, ta tsaya. Ta ƙara ɗaya, sai ta juya ta zauna, tana dariya, ta ce bari ta fara more kallon daga nan tukuna. Ta daɗe a zaune. Daga nan ba ta ƙara gaba ba. Likitan da ya duba ta a makon ya ce gwiwoyin sun cinye, zuciyar ma ba ta son wahala, ta yi nesa da hawa.

Baba ya karkata kai, ya ce akwai dabara. Ya sa mai walda ya kafa ƙarfe a barandar benen, ya rataya sarƙar da yake ɗaga inji da ita, ya ɗaura mata kujerar mota har da bel ɗinta. Maƙwabta suka fito kallo. Inna ta dubi kujerar, ta dube shi.

Ta ce, "Malam, duk shekarun da na yi ina wanke maka kayan baƙin mai, ashe ƙarshe ni ma inji za ka mayar da ni."

Aka yi ta dariya, ita ma ta yi. Ta zauna, ya ɗaure ta da kansa, maza biyu suka ja sarƙa, ta tashi sama idonta a rufe tana ambaton Allah.

Kwanakin farko ta ji daɗi, wannan kowa ya shaida. Takan wuni a bakin taga. Ta ga mai burodi, ta ce ashe gajere ne, ita da ta ɗauka dogo ne saboda muryarsa. Ta ga yaran makaranta, ta ga masu rigima a kan wurin ajiye mota, ta ga yadda hadari yake haɗowa daga bayan rufin gidaje. Baba yana ƙasa yana aiki, kowane mai mota ya zo sai ya nuna masa benen da sifanar hannunsa. Abinci da ruwan shayi a bokiti yake aika mata ta sarƙar.

Amma kujerar tana firgita ta. Duk ranar da aka sauke ta aka mayar, sai ta wuni kwance ƙirjinta na bugawa. A hankali ta daina sauka. Ƙawayenta kuwa, matan da suka saba haɗuwa a tsakar gidanta kowace la'asar ana tsifar kai ana yankan farce ana hirar jikoki, duk sa'o'inta ne, gwiwar kowacce da nata labarin. Ba mai iya matakalar, kuma ba wadda ta yarda ta hau kujerar inji. Aminiyarta, Gwaggo mai ɗinki, wadda gidanta ke tsallaken titi, ta fi kowa naci. Takan zo ta tsaya a ƙasan taga da sandarta, su yi ta ɗaga murya. Sai dai akwai maganar da ba a yin ta da ihu a kan titi, kuma irin wannan maganar ce ta haɗa su tun suna amare. Hirar ta koma gaisuwa, gaisuwar ta koma ɗaga hannu.

Idan Baba ya hau da yamma ya tambaye ta yaya ɗakin, sai ta ce alhamdulillahi, iska kamar a bakin kogi. Shi kuma ya yarda, domin abin da yake son ji ke nan. 'Yarsu babba ta zo ta ga uwar ta rame, ta so ta yi magana, Inna ta riƙe mata hannu ta ce ta bar mahaifinta ya ji daɗin aikinsa.

Wata safiya Gwaggo mai ɗinki ta rasu, ba ta yi wata jinya ba. Inna ta taga ta sani. Ta ga mata suna shiga gidan da mayafi a fuska, ta ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, ta ga an fito da makara. Ta ƙwala wa Baba kira, amma ya riga ya bi mutane, haka ma duk namijin da zai iya jan sarƙa a layin. Titi ya yi tsit, sai kukan mata da ke tasowa daga tsallake.

Da ya dawo daga maƙabarta, ƙurar wurin na ƙafarsa, ya ɗaga kai ya gan ta a kan matakala. Ta yafa mayafi, takalmanta na hannu, ta yi ƙoƙarin saukowa da ja da gindi. Ta sauko kaɗan ƙarfinta ya ƙare, ba gaba ba baya, rana ta dake ta a wurin. Ya hau da sauri ya durƙusa a gabanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

Ta ce, "Malam, ka cika alkawari. Na gani, na gode. Amma ka sauke ni. Ba na so in mutu ina kallon mutane daga sama."

Ya ce mini a wannan karon ya karkata kai kamar yadda ya saba, ya jira dabara ta zo, ba ta zo ba. Goya ta ya yi, shi da tsufansa, yana dafa bango, suna hutawa, har suka taka ƙasa. Ya kai ta gidan rasuwar ya ajiye ta cikin mata.

Washegari ya sa aka tura tsohuwar motar waje, ya ba wani tsohon yaronsa da ya buɗe nasa garejin. Sarƙa da jak da akwatunan sifana suka bi ta. Ya aika a kira maginin. Mutumin ya zo ya tsaya a bakin ramin, ya dubi abokinsa. Baba ya ce masa ya faɗi abin da ke bakinsa mana, ai yana da gaskiya. Maginin ya ce shi dai a miƙo masa shebur. Suka cike ramin da ragowar yashin ginin, suka shafe da siminti, suka yi fenti har sau biyu, duk da haka warin baƙin mai bai fita duka ba. Inna ta ce a bar shi, da shi ta saba.

Aka shigo da gadonta da kujerarta. Babbar ƙofar garejin aka riƙa buɗe ɓari ɗaya, aka saka labule mai shara-shara. Mai wucewa yakan leƙo ya gaishe ta, mai burodi yakan miƙo mata har hannu. Matan suka dawo da kujerunsu, ko da yake sun ragu, kuma akwai gurbin da ba wadda take zama a ciki. Inna ta ɗan murmure, har ta koma yi wa jikoki faɗa. Amma ba ta daɗe ba. Damina ɗaya ta gani a ɗakin, ta biyu ba ta kai ƙarshenta ba.

Da hantsi ne ta rasu, matan suna kewaye da ita, ɗaya na riƙe da hannunta, ɗaya na shafa mata ƙafa. Baba yana waje a kan benci saboda ɗakin ya cika, su ne suka ɗaga labule suka ce ya shigo.

'Ya'yansa sun so ya koma wurin ɗayansu, ya ƙi. A garejin yake kwana yanzu. Benen kuma sai da ya daɗe a rufe kafin su lallashe shi ya ba da haya. Ranar da ya kai ni ƙarshen labarin ya daɗe yana murza tafin hannunsa da babban yatsa kafin ya yi magana.

Ya ce, "Ba ta tafi ita kaɗai ba, ɗana. Abin da na iya yi mata ke nan. Shi ma sai da ta roƙa."