Kaskon Motar Baba

Ƙanena ne ya kashe motar Baba, kuma da sunan taimako ya kashe ta. Har yau bai yarda ya yi laifi ba.

Motar ta girme shi. Tun da Baba ya rasu take ajiye a gindin tsamiya, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Ban yi tunanin tayar da ita ba sai da Inna ta fara zancen yayarta da ke kwance ba lafiya a garinsu, can wajen Kunci. Ta ce ba ta hawa babur, ba ta shiga motar haya. A motar Malam, wato Baba, take so ta je, yadda yake kai ta duk bayan girbi.

Ban yi nisa a boko ba, amma na sha kwanciya a ƙarƙashin motar nan tare da Baba. Ba ya taɓa inji sai ya fara kwance kaskon da ke ƙasansa, inda baƙin mai ke taruwa. Zai bar shi ya lafa, ya tsiyaye na sama, ya dangwali lakar ƙasa ya murza a yatsa cikin rana. In tana ƙyalli kamar tagulla, ƙarfe na cin ƙarfe a ciki, kada a kuskura a tayar. In ta yi fari kamar koko, ruwa ya shiga. In baƙa ce kawai, sai ya ce, "Tsufa ne, irin nawa," ya goge hannu a wando.

Haka na yi. Na kwance kaskon, na ajiye a inuwar rumbu na rufe da faifai, na tafi Bici neman sabon mai da gaskit, abin da ke hana bakin kaskon yoyo.

Na dawo na tarar da kaskon a kife cikin rana, fes. Ƙanena ya shafe ƙafafun rumbu da baƙin man saboda gara, yadda kowa ke yi a nan. Ko lakar bai bari ba. Sannan ya sa toka ya dirje kaskon kamar tukunyar tuwo.

Ya ce, "Yaya, na hutar da kai. Gara ma ta ji ƙanshin Baba ta gudu."

Na durƙusa na yi ta shafa itacen rumbun. Ƙasa ta riga ta manne, ba abin da yatsa zai gane. Inna kuma ta gama ɗaure kayanta, har da daddawar da za ta kai.

Na wanke kaskon da fetur, na ɗora gaskit, na ɗaure notuna yadda Baba ke yi, wannan gefe kaɗan, wancan gefe kaɗan, kada baki ya karkace. Na zuba mai. Da ta tashi, Inna ta fito bakin zaure ta tsaya ta saurara. Ta ce, "Haka take yi in ya dawo daga kasuwa." Ni ma na ji kamar in waiwaya in gan shi.

Ba mu kai titi ba. Muna tsakanin gonakin dawa injin ya buga. A amalanken shanu Inna ta koma gida, ƙullin kayanta a cinya. Makaniken da ya buɗe daga baya ya nuna mini garin tagulla a tafin hannunsa. Da na gani a kaskon, da ban tayar ba.

Inna ba ta ƙara zancen tafiya ba. Yayarta ta rasu da damina.

Ranar da labari ya zo, ƙanena ya same ni a gindin tsamiya ya ce, "Yaya, sai haƙuri, ƙaddara ce."

Na dube shi na ce, "Na san ƙaddara, ba kai za ka koya mini ba. Abu ɗaya Baba ya bar mini da na iya karantawa, ka kwashe ka shafa wa rumbu. Hatsinka ya tsira daga gara. Shiga ka gaya wa Inna haka."