Makullin Ɗakin Inji

Shekara goma sha biyar ke nan, a wannan wata na Rajab, da anka ɗauki maigidana daga gidanmu na Tudun Wada anka kai shi makwanci. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta. Ni ban yi boko ba. Ɗiyata Hauwa, wadda ke koyarwa a wata makaranta a Arkilla, ita ke riƙe da alƙalami, kuma na ce mata kada ta sassauta mani magana ko guda.

Mutane sun san shi da Mai Inji. A wata kwalejin horar da malamai ya yi aiki nan Sakkwato, zamanin da man fetur ya buɗe wa gwamnati hannu. Ku da ba ku ga lokacin ba, ku ji. Motoci ke shigowa makaranta da akwatuna, a sauke, su koma su ƙaro. Majigi, rikoda, keken rubutu, da injin gurza takarda, wanda ake ɗaura masa takardar kaki da anka buga rubutu a kai, a juya hannu, shafi ɗaya ya zama ɗari. An sayo kayan, ba a sayo hankalin riƙe su ba. Malamai masu kwat su zo su latsa nan su murɗa can, abu ya mutu, su kaɗe hannu su ce ai gwamnati za ta kawo wani. Malam ya taɓa buɗe majigi sabo fil ya tarar zanzaro ya yi gini ciki har hawa biyu.

Shi aji huɗu ya yi a elementare. Amma in inji ya yi tari, ya san inda ke masa ciwo. Shi ya sa anka ba shi ɗakin injinan da makullinsa.

Da ɓarnar ta ishe shi sai ya fara rubuta tunatarwa yana liƙawa a ƙofa. Kafin ya liƙa, sai ya zo gida ya zauna bakin tabarma ina tankaɗe, ya karanta mani. Yakan ce, "Kulu, saurara. In kin gane, malami ba shi da uzuri." In na ce ban gane ba, ya soke ya sake. Haka na haddace su kamar karatun allo. A cire batir daga rikoda kafin a ajiye ta, don yana zub da ruwa ya cinye ƙarfe. Kada a ɗaga majigi da zafinsa, ƙwan zai mutu. A sa tawada kaɗan-kaɗan, inji ba tuwo ba ne da za a malale shi da miya. A lulluɓe kowane inji in an gama. Ni na ɗinka rigunan ma, da ragowar atamfa, har malamai na dariya wai injin Mai Inji ya yi kwalliyar sallah. Sai babbar cikinsu: in an gurza jarrabawa, takardar kakin da shafukan farko da sunka ɓaci a ƙone su nan take, gaban mai jarrabawar. A can ƙasa kuma ya rubuta: makullin ɗakin nan yana hannuna ni kaɗai.

Ana nan, ana nan, sai anka kawo sabon mataimakin shugaba, ya dawo daga ƙasar waje da digiri da agogo mai ruwan zinari. Ba zan faɗi sunansa ba. Ba tsoro ba ne. Ba ni son sunansa ya zauna shafi ɗaya da na Malam. Ranar da ya fara ganin takardar ƙofa, an ce tsayawa ya yi ya karanta da ƙarfi yana kwaikwayon muryar ɗan aji ɗaya, sannan ya ce, "Yanzu masinja ke kafa wa masu digiri doka?" Malamai sunka yi ta ƙyaƙyata, har waɗanda Malam ya sha gyara musu ɓarna ya rufa musu asiri.

Wata Juma'a, ana saura kwana uku jarrabawa, Malam ya dawo da hantsi, ya yi wanka, ya rataye makulli a ƙusar bayan ƙofa, ya tafi masallaci. Bai jima da fita ba na ji mota ta tsaya, anka yi sallama a zaure. Na matso bayan ƙyaure.

"Matar Mai Inji ce? Ni ne mataimakin shugaba. Makullin ɗakin inji nike so."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya tai masallaci. In an sauko sai ya same ka."

Ya ce, "Na san yau Juma'a, ba sai kin gaya mani ba. Aikin gwamnati ne. Ko so kike mijinki ya kwana ba aiki?"

To, ni mi na sani? Babba ne ya zo da kansa. Na ciro makulli na miƙa ta gefen ƙyaure. Ban ga fuskarsa ba, amma na ga hannun, na ga agogon, na kuma ji muryar da har yau in na ji ta ko cikin taro zan ware ta.

Ya je ya gurza jarrabawarsa shi kaɗai, wai bai yarda ƙananan ma'aikata su ga tambayoyinsa ba. Ya malala tawada, shafuka sunka yi ta fitowa dabbare-dabbare, ya tattara su da takardar kakin ya cusa a kwandon shara. Mai shara ya kwashe ya ba mai tsiren bakin ƙofa, yadda ya saba ba shi tsoffin takardu. Kafin Lahadi, duk ɗalibin da ya sayi tsire ya samu tambaya a naɗe da namansa. Ilimin ƙasar waje ke nan, jama'a.

Lokacin kuwa sojoji na sharar ma'aikata. Manya ta rediyo ake sallamarsu, ƙanana ta takarda. Anka kafa kwamitin binciken jarrabawar, kuma wa kuke tsammani anka zaunar a ciki? Shi, mataimakin. Malam ya ce musu mataimaki ne ya karɓi makulli. Mutumin ya yi murmushi, ya sa anka ɓanɓaro takardar ƙofa, ya shimfiɗa ta kan tebur, ya aza yatsa a layin ƙarshe. Ya ce, "Wa ya rubuta cewa makulli yana hannunsa shi kaɗai? Ni ko kai?" Takardar da sunka shekara suna yi wa dariya, ran nan ta zama abin rantsuwa. Sunka ce, "Wa ya ga lokacin da ya karɓa?" Malam bai ambace ni ba.

Da ya dawo na ce ya kai ni. Na ce ni na miƙa, ni zan faɗi. Ya ce, "Kulu, ba ni kai ki gaban 'yan kwat su tambaye ki da Turanci su yi maki dariya. Allah Ya gani, ya isa." Na yi kuka, na yi magiya, bai motsa ba. Ni kuma na bi shi, don haka anka rene mu.

Mutum ɗaya ya buɗe baki, Malam Yohanna, mai buga keken rubutu, mutumin kudancin Zariya. Ya miƙe ya ce, "Ranku ya daɗe, shekara tara ina ganin aikin Mai Inji. Ko da ido rufe ba zai yi wannan ƙazanta ba. Ku duba tawadar mana!" Wata bai cika ba anka yi masa canji zuwa wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Sauran malamai, masu digiri da masu neman digiri, kowa ya duƙar da kai yana gyara igiyar takalmi.

Takardar sallamar da anka kawo wa Malam, a injinsa anka gurza ta, da gurbin da anka cike sunansa da biro. Ya ɗaga ta ya duba ta a hasken rana, ya daɗe, sannan ya ce, "Sun ɗaura kakin a karkace." Abin da ya ce ke nan. Bai ƙara ba.

Shekara shida ya yi bayan haka a wata rumfa nan Tudun Wada yana gyaran keken ɗinki da risho. Abinci bai yanke mana ba. Abin da ya yanke shi ne sunansa. A wajen ɗaurin aure, a bakin masallaci, sai ka ji an rage murya an ce, wancan ne ya sai da jarrabawa. Ya ji, ya yi kamar bai ji ba, ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Da wannan suna anka binne shi. Yohanna ya yi tafiyar yini guda ya zo gaisuwa. Daga kwalejin ko masinja ba a turo ba.

Da Malam zai leƙo yau, ban san ko dariya zai yi ba ko tsaki. Sojojin wancan lokaci sun tafi, wasu sun zo sun tafi, wasu na nan. Man fetur ya janye hannu, amma halin bai canza ba. Hauwa ta ce an kawo musu kwamfuta guda da injin fotokofi, an yi taro an yanka ƙyalle an sha lemo, kuma yau wata huɗu kwamfutar na ofishin shugaba an aza mata tulun furen roba. Kwanan baya ta zo da wata takarda da anka raba wa malamai, wai shawarwarin kula da na'urori daga wani kwamitin masana. Ta fara karanta mani: a lulluɓe na'ura in an gama. Na ce, "Na gaba, kada a motsa ta da zafinta." Ta dube ni. Na ce, "Can ƙasa za ki ga a ƙone shafukan jarrabawa da sunka ɓaci." Ta ce, "Inna, wa ya karanta maki?" Na ce ta duba wa ya sa hannu. Shi ne, mataimakin nan. Yanzu Alhaji ne, ya yi ritaya, shugaban kwamiti.

Na ɗauki mayafina na sa anka kai ni gidansa. Na zauna a barandarsa tun hantsi har azahar kafin ya fito, ya tsufa, ya yi tumbi, da tasbaha a hannun da na sani. Na ce, "Alhaji, ni ce matar Mai Inji. Ni na miƙa maka makulli ran Juma'a." Ya karkata kai, ya yi ɗan tunani irin na mai neman inda ya ajiye hula, ya ce, "Hajiya, wane Mai Inji ke nan?" Kuma wallahi na duba idonsa, ba ƙarya yake ba. Ya manta. Ya kashe wa mutum suna, abin bai kai ya zauna masa a rai ba. Ya ce wa direba a sa mani buhun shinkafa a mota. Na taka da ƙafata har bakin titi.

Injinan nan duk sun zama ƙarfen awo. Kwalejin ma an canza mata suna. Abin da ya rage na Malam shi ne maganarsa, tana yawo ofis-ofis da sa hannun wani, sai kuma shaidar da ya hana ni bayarwa. Na bi umarninsa yana raye, na ƙara shekara goma sha biyar bayansa. Yanzu ni ma na kusa, kuma ba ni so a tambaye ni can abin da na ɓoye nan. Ina roƙon Malam ya yafe mani.

Shekara ashirin da takwas muna tare ban taɓa kama sunansa da bakina ba, kunya ba ta bari. Amma shaida ba ta tsayuwa ba suna. To ku ji, mutanen Sakkwato, da wanda ya rage murya a bakin masallaci da wanda ya saurara: ran Juma'ar nan makulli ba ya hannun Umaru. Ni, Kulu, na ciro shi daga ƙusa na ba da. Umaru bai sai da jarrabawa ba.