Rijiyar da Muka Rufe da Kara

Wani ɗan fito ne ya tono mini wannan zance, irin fiton nan mai tafiya yana siririncewa da ake sa wa a zanen yara na tele idan wani ya faɗa rami. Ina zaune a ƙofar gidana a Madawa, ɗan ƙanwata da ke koyon zane a Yamai ya buɗe kwamfutarsa don ya nuna mini aikinsa. Tun bara ya tambaye ni wane ɗan zane muka fi so muna yara, wai yana son ya sabunta shi yadda samarin yanzu ke so, da faɗa da tsalle da wuta. Ban yi tunani ba na ce masa bunsuru. Da na san inda maganar za ta kai ni, da na yi shiru.

Bari in mayar da kai baya ka gane. Ƙauyenmu yana kusa da Sabon Gida, a bakin fadama, kuma duk wanda ya tashi a can warin albasa ya raine shi. Tele ɗaya ce a garin, ta mushen lakwal, malamin makarantarmu, da batirin mota take aiki. Sau ɗaya a mako, bayan la'asar, yakan fito da ita tsakar gida mu zube a ƙasa. Abin da muke jira shi ne wani tsohon bunsuru mai malafa da ke gadin lambu, da wasu 'yan kurege uku da ba su da aiki sai wahal da shi. Su sako masa dutse a ka, ya baje ƙasa, ya tashi ya karkaɗe jiki. Su rufe rami da ganye ya faɗa, a yi fiton nan, sai ga shi ya fito yana layi, taurari na zagaya masa kai. Ba mu jin Faransancin da suke yi, amma dariya muke har da riƙe ciki.

Mu ma muna da namu tsohon mai malafa da lambu: kakana na wajen uba. Dogo ne siriri, da ɗan gemu a haɓa kawai, kuma tun asuba yana cikin fangalan albasarsa yana ban ruwa da guga. 'Ya'yansa sun sha cewa ya huta, ya ƙi. Lambun nan shi ne abin da ya rage masa, domin gonakin gero duk ya raba musu. Can yake karin kumallo, can yake sallar azahar, kuma idan yana maganar albasarsa sai ka ɗauka wasu mutane yake nufi.

Mu uku ne jikokinsa maza masu tasowa: ni da 'ya'yan ƙanen babana biyu. Ba a daɗe ba muka sa masa suna Bunsuru. Ka san wasan jika da kaka. Jika ya ce da kakansa abin da ya ga dama, ya ja masa gemu, ya ce zai ƙwace masa mata, kuma abin kunya ne tsoho ya nuna ya ji haushi. A ƙarƙashin wannan muka fake. Mun zuba masa toka a takalmi. Mun ɗaure masa bakin wando da igiyar guga yana barci a inuwar rudu, rumbun da ake ajiye albasa, ya tashi ya kifa. Mun sa masa kunama matacciya cikin malafa. Manya suna gani, sai su yi dariya su ce wasan jika ne. Shi ma dariyar yake yi, ya ɗauki sandarsa ya biyo mu da gudun ƙarya yana cewa, "Ku tsaya nan, ɓarayin matata!"

Ni ya fi so, kuma na sani. Idan ya tsinki lawashin fari ni yake ba in kai wa innata, ya ƙara mini da tumatir biyu a aljihu. Saboda haka da muka shirya babban wasan, ni aka zaɓa in janyo shi.

A gefen lambun akwai wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe, zurfinta ya fi tsayin mutum. Da sanyin safiya, yana can ɗaya gefen yana ban ruwa, muka jera karan dawa a bakinta, muka yafa ƙasa, muka watsa busasshen ganye, daidai yadda muka gani a tele. Da hantsi ya zauna shan fura, na lallaɓo ta baya na fizge malafarsa na ruga. Ya tashi, kamar kullum. Ba don malafar yake bi na ba, don ya san ina jin daɗin a bi ni ne. Na kewaye bakin rijiyar, na tsaya a ƙetare ina kaɗa masa malafa. Shi kuwa ya miƙe hanya sak, yana dariya, idonsa a kaina.

Ba a yi fito ba. Kara ya karye, sai wani ƙara mai nauyi daga ƙasa, sai shiru.

Mun yi dariya. Ba zan ɓoye maka ba, mun yi ta har muna birgima a kan kunya. Na kifa malafar a kaina ina kwaikwayon tafiyarsa. Muka zauna muna jiran ya fito yana layi. Da muka gaji da jira na leƙa. Yana kwance a karkace, ƙafa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, bakinsa cike da ƙasa. Ya dube ni, muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Tahi ka kira min babanka."

Ban kira ba. Tsoron bulala ya kama mu, muka jefa malafar cikin fangali muka gudu gida. Na ci tuwon rana. Na buga langa. Innata ta tambaye ni ko na ga tsoho, na ce yana lambu lafiya lau. Daga hantsi har la'asar yana cikin ramin nan, rana ta tsaya masa a ka ta wuce, sai da wani maƙwabcin lambu ya ji nishi. Mutum huɗu suka ciro shi da igiyar guga. Mai ɗori ya taɓa shi ya ce ƙashin kwatangwalo ne, kuma a shekarunsa sai dai addu'a.

Babana ya tambaya a gaban jama'a wa ya rufe rijiyar da kara. Ina tsaye a bayan zana ina saurare. Tsohon ya ce, "Ni na ruhe ta da hannuna, don awaki. Na mance." Wannan ƙarya ta cece ni, shi kuwa ta gama da shi. Labari ya zaga gari cewa tsoho ya ɗana wa kansa tarko ya faɗa, har a kasuwa ana ba da shi ana dariya. 'Ya'yansa suka ce ai ya fara ruɗewa, ko ya warke ba zai koma fadama ba. Kafin a cire albasar shekarar an raba lambun gida biyu, ba wanda ya shawarce shi.

Shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi a kwance. Ya san takuna. Idan na gifta ta ƙofar ɗakinsa sai in ji, "Ina ɓarawon malafata?" Sai na koma bin bayan rumbu don kada ya ji ni. Sau ɗaya innata ta tilasta mini kai masa fura. Ɗakin yana warin magani da fitsari, ya rame har gemun ya yi masa yawa. Na ajiye ƙwarya zan fita, ya riƙe mini hannu, ba da ƙarfi ba.

"Kai, wanga bunsuru na cikin tele, in ya hwaɗa rame, tashi shikai?"

Na ce e.

Ya ce, "To." Ya sake ni. Ban sake shiga ɗakin ba har ranar da aka fito da shi.

Yanzu ga ni da furfura, ina kallon bunsurun ɗan ƙanwata. Ya ba shi ƙirji da damatsa, ƙahonni masu walƙiya, jajayen idanu. Bunsurun ya faɗa ramin, aka yi fiton, sai ƙasa ta tsage ya yi tsalle ya fito cikin wuta, ya damƙi ƙaramin kuregen a wuya ya maka shi da bango. Yaron ya iya aikinsa, ba ƙarya. Yana ta yi mini bayani cewa tsohon zanen ba shi da nauyi, a doki mutum ya tashi kamar ba a yi ba, yanzu kuwa masu kallo suna son su ga duka ya yi ciwo.

"Kawu, ka gani, wanga karon ya rama. Mi za ni ƙara? In sa jini?"

Na ce masa a'a. Na ce ya mayar da tsohon bunsurun yadda yake, siriri da ɗan gemunsa, ya bar shi a cikin ramin. Kada ya sa kiɗa, kada ya sa wuta. Ya nuna rana kawai tana tafiya daga hantsi har la'asar, bunsurun kuma yana kallon bakin ramin yana jiran wanda ya aika.

Ya fashe da dariya ya ce, "Haba Kawu, wa za shi tsayawa kallon wanga abu?"

Gaskiyarsa. Ni da na jera karan da hannuna ma ban tsaya na kalla ba.