Barakatu da Sandar Sauraron Masura

Lokacin da na tafi karatu Khartum, Inna Barakatu ce mai kitson da mata ke jiran layi a gidanta. Da na dawo na tarar da tabarmarta babu kowa. Na yi ta tambaya, kowa da irin zancensa. Ga abin da na iya haɗawa.

Mijinta Mahmud shi ke kula da turumba, injin da ke jawo ruwan kogi zuwa tankin ƙauyenmu, kudu da Abu Hujar. Masurar ruwan, wato bututun ƙarfe, an binne ta tun gari yana ƙarami, daga baya mutane suka yi gini a kanta. Wata bazara tanki ya daina cika, alhali turumba na aiki. Mahmud ya ɗauki sandar ƙarfe, yana kafa tsininta a ƙasa, ya manna kunne a ɗaya bakin. Inda masura ke lafiya gunji ake ji ƙasa-ƙasa, inda ta fashe kuwa huci take yi. Ya bi duk hanyoyin gari bai ji huci ba. Saura cikin gidaje, kuma babu magidancin da zai bar namiji ya shiga wurin iyalinsa. Sai ya koya wa matarsa.

A shekarun nan ana yawan zancen jinsiyya, wato wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Ganin mace tana yawo gida-gida da ƙarfe a kunne bai kwanta wa kowa ba.

"Hukuma ce ta aiko ki?" in ji Sabuwa, matar liman. "Ki gaya musu a nan aka yanke mini cibiya."

"Haba Yaya, ruwa nake nema. Ku ɗan yi shiru."

"Shiru kam za ki samu. Yara, kowa ya kama bakinsa, kunnen hukuma ya shigo!"

Aka yi dariya, amma ba wadda ta ƙara cewa uffan har ta fita.

A gidan Indo ta tsaya, ƙawarta tun suna 'yan mata. Ta kafa sanda a bayan ɗaki, kusa da wani lalle mai kore shar, ta daɗe tana saurare.

"A nan take, Indo."

"Ƙara gaba dai, ƙawa."

"Wallahi a nan take."

"To ki ce ba ki ji ba. Bangon ɗakina za su rushe."

Barakatu ta koma gida ta gaya wa mijinta. Aka rushe bangon, aka haƙa, aka sami masura a tsage, ƙasa ta zama taɓo. Kafin mako tanki ya cika.

Ranar da ruwa ya dawo, Indo ta tsaya a bakin famfo ta faɗa wa matan gari cewa sandar ƙarfen ƙarya ce. Ta ce ita da bakinta ta taɓa gaya wa Barakatu, ana cikin yi mata kitso, cewa bayan ɗakinta ba ya bushewa ko da rani, shi ya sa lallenta ya fi na kowa. Matan suka dubi juna. Kowace akwai abin da ta taɓa faɗa, kanta yana kan cinyar Barakatu.

Na je gaishe da Inna Barakatu, na tambaye ta kai tsaye.

"Inna, hucin kika ji, ko maganar Indo kika tuna?"

"Na ji huci, ɗana."

"Amma ta gaya miki?"

"Ta gaya mini. Da na so, da gidanta zan fara. Shi na bari na ƙarshe."

Na faɗa wa mahaifiyata wannan amsa, ina tsammanin za ta wanke ta. Ta ce to, ai ka ga tun farko ta san inda za ta ƙare. Ita ma yanzu ƙauyen gaba take zuwa kitso, a kan jaki, ta wuce ta ƙofar Barakatu su gaisa da kyau.