Ƙofar Manoman Liba da Ta Kusa Tafiya da Albasar Kawuna

Shekarun baya, lokacin ina kula da kwamfutocin wani kamfani mai ɗakunan ajiyar albasa masu fanka a Aliero, na shiga wani hali da har yau in na tuna sai na ce alhamdu lillahi a fili, ko da a motar haya nake.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san halin albasa. Ka cire ta a rani kasuwa ta cika, ba mai kallonka. Ka zuba ta a rudu, rumbun albasa na gargajiya, damina na sauka rabi ya ruɓe. Ɗakunanmu ne mafita, sai dai wurin kaɗan ne, kuma dokar kamfani ita ce wanda ya taɓa ajiya bara shi ake fara ba gurbi bana.

Bayanan manoma duk suna kan intanet, a abin da muke kira girgije. Ba mu ke tantance masu shiga ba. Kowace ƙungiyar manoma tana da manhajarta da ke shaidar 'ya'yanta, ta ce wa girgijen, "Wannan namu ne, a bar shi ya wuce." Mu a ofis ƙofa muke ce wa kowace ɗaya.

Wata rana manyanmu suka aiko cewa ƙofofi sun yi yawa, wasu na gwaji ne da aka manta, kuma ƙofar da ba ta da mai ita ta nan ɓarawo ke shigowa. Don haka a liƙa wa kowace alama: ta wace ƙungiya ce, ta wane gari, tana aiki ko gwaji ce. Ranar Juma'a ana saukowa masallaci na'ura za ta bi ta share duk wadda ba ta da alama, har da sunayen da ke rataye da ita.

Na yi wa ta Jega, na yi wa ta Aliero. Saura wasu na gwaji da na sani, sai wata guda mai suna kamar lambar mota, wadda ba wanda ya bi ta cikinta tun ranin bara. Na nuna wa abokina da muke aiki tare. Ko juyowa bai yi sosai ba ya ce, "Wagga ta mutu tun tuni. Bar ta na'ura ta yi mata jana'iza." Na bar ta, ina jin kaina ƙwararre.

Safiyar Juma'ar na tafi Liba, wani ƙauye a ƙasar Maiyama, ana suna a gidan kawuna, wan mahaifiyata. Ina zaune kan tabarma da waina a hannu ya zo ya zauna kusa da ni, fuskarsa fal murna.

"Ɗan kwamfuta, bana albasa ta yi," in ji shi. "Ninki biyu na shuka saboda ɗakin nan naku. Gurbinmu na bara shina nan ko?"

Na ce, "Yana nan, Kawu. Ta ƙungiyar Aliero kuke shiga ai?"

"Aliero mi? Mu 'yan Maiyama tamu daban ta. Wani yaron kamfaninku ne ya haɗa muna, tun ba a ɗauke ka ba."

Na aje wainar. Na ce, "Yaushe rabonku da shiga?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana daga gabas take fitowa. "To mi za mu shiga yi? Ana zuwa rudu ba albasa? Sai an cire, kuma sati mai zuwa muka cirewa."

Nan take na tuna ƙofar nan mai suna kamar lambar mota. Idan ƙofar nan ta tafi, shaidar cewa sun taɓa ajiya ta tafi, kawuna da mutanensa su koma sababbi a bayan layi da albasa ninki biyu. Na zaro waya, babu sabis ko ɗigo. Kwamfutata kuwa tana ɗakina a Jega.

Ban tsaya jiran naman rago ba, don rana ta riga ta yi. Na ce ina zuwa, na tare ɗan kabu-kabu, na ce masa Jega, kuma kada ya ji tausayin babur. Da muka hau kwalta sabis ya dawo, na kira abokina, wayarsa a kashe. Mutumin kirki, ya riga ya tafi neman sahun gaba. Ni kuwa babbar rigata ta cika da iska, hulata ta tashi a hanya, ban ce a tsaya ba.

Mun shiga Jega liman ya fara huɗuba. Babu wuta, batirin kwamfuta ya yi ja. Na jona ta da intanet ɗin wayata, garin sauri har sai da na kuskure kalmar sirri. Na buɗe ƙofar nan na bi sunayen, sai ga lambar kawuna. Na liƙa alamun: ƙungiyar Maiyama, tana aiki. Na ƙara wata da ba a ce in sa ba: ta kakar albasa ce, barci take yi, kada a taɓa. Sannan na ruga masallaci, na samu raka'ar ƙarshe a kan kwali, cikin rana.

Bayan sallama na dawo na duba. Na gwajin duk sun tafi. Ta Maiyama tana nan. Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa, sai dariya ta kama ni ni kaɗai.

Da na ba abokina labari ya kama baki. "Ashe gawar da munka so rufewa numfashi takai." Shi da kansa ya rubuta wa manyanmu cewa a ƙara alamar kaka a tsarin, kuma suka yarda.

Abin da na koya bai da yawa. Na'ura tana ganin shiru ta ce mutuwa ce, alhali manomi ba ya taɓa abu sai lokacinsa ya zo. Tun daga nan ba na barin komai ba alama, kuma ba na yanke wa abu hukunci sai na tambayi wanda ke amfani da shi.

Kawuna ya samu gurbinsa, albasarsa ta kai tsakiyar damina lafiya lau. Ban taɓa gaya masa abin da ya faru ba, don na san shi, zai daina yarda da ɗakin ya koma rudu. Har yau in na je Liba sai ya nuna ni ga baƙi ya ce, "Ga wanda ya gudu ranar sunan ɗana, ko nama bai tsaya ci ba." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "A yi haƙuri, Kawu."