Sunan da Malam Haladu Ya Hana Ambata

Wata rana, a wani gari na bakin kogi, Malam Haladu ya ɗaura aniyar raba 'yarsa da mutanen ruwa.

Kar ku tambaye ni sunan garin. Na san halinku, gulma za ku je yi.

Shi Malam irin mutanen nan ne da babu abin da ba su sani ba. Ko akuyarka ce ta yi atishawa, zai gaya maka wanda ya yi mata baki.

A daminar da ta wuce, kwale-kwale ya kife da 'ya'yansa mata biyu a hanyar kasuwa. Suwaiba, 'yar shekara goma sha biyar, ta fito. Ƙanwarta Ummita ba ta fito ba.

Ana gama sadakar bakwai Malam ya kafa doka: kada wanda ya ƙara ambaton Ummita a gidan, wai kar a fama wa uwarta ciwo. Ita kuwa Suwaiba, kowa ya shigo sai, "Barka da arziki, ki gode wa Allah."

Ta gode.

Sai ta daina zuwa makaranta. Ta daina kitso. Tuwonta ya riƙa kwana a kwano. Yarinyar da a da sai an roƙe ta ta yi shiru, ta koma wuni tana kallon bango. In aka juye ruwa a randa, jikinta ya hau ɓari.

Kakarta ta ce lalaci ne. Gwaggonta ta ce saurayi ne. Malam ya ce duk ba ku sani ba, mutanen ruwa ne suka biyo ta, maganin kuwa a wanke ta a inda abin ya faru.

Da hantsi ya tasa ta a gaba har bakin kogi. Ya zaci za ta yi ihu ta turje. Ko uffan. Wannan shirun ne ya fara sanyaya masa jiki.

Ya sunkuya zai ɗebi ruwa a ƙwarya.

Ya ɗago, babu kowa a gefensa.

Tana cikin kogi. Ruwa ya kai mata gwiwa. Ya kai ƙugu. Ba gudu, ba kuka, tafiya kawai take yi kamar wadda aka aika.

Ƙwarya ta bi ruwa. Malam ya afka da babbar rigarsa, ƙafa na zamewa a taɓo, ya damƙo wuyan hannunta ruwa ya riga ya kai mata ƙirji.

"Ke Suwaiba! Ina za ki?"

"Baba, sake ni. Ni ma haka na riƙe ta, kuma na sake ta."

Malam ya ƙara damƙe hannun.

"Ba ke ba ce," ya ce. "Ina tsaye a nan na ga jirgin ya cika, na ce ku shiga haka nan, ke da Ummita."

Ranar ce sunan ya fara fita daga bakinsa. Ranar ce kuma Suwaiba ta fara kuka.

Washegari asibiti suka nufa. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, firgici da baƙin cikin da aka danne ne suka haife shi, kuma ana jinyarsa.

Ba ta warke rana ɗaya ba. Kun san ni da ƙarin gishiri, amma ban da nan.

Yanzu dai ana ambaton Ummita a gidan. Shi kuwa Malam, ko kwalbati za su tsallaka, sai ya riƙe mata hannu.

Darasi: Yaron da ya tsira da ransa ba lallai ya tsira da zuciyarsa ba. In ya yi shiru bayan wani tashin hankali, ya bar abinci, ya bar abokai, kar ka ce lalaci ne. Zauna ka tambaye shi abin da ya gani, ka saurara, ka yi masa addu'a, ka kai shi asibiti.

Tura wa wani uba ko wata uwa yau. Wataƙila akwai mai kallon bango a gidansu.